Injin waful ɗina ya shekara uku a kwali, yau na gasa burodi da nama a ciki

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da warhaka. Ina da maganar da nake so mu taɓa, don tun safe take raina. Cikin kayan kicin da aka yi min lokacin aure akwai injin waful, wato na gasa wani irin kek na Turawa, irin mai murfin nan da cikinsa yake gida-gida kamar gurbin dara. Sau ɗaya tak na taɓa amfani da shi, kwaɓin ya yi ruwa ya malalo ta gefe, na goge na mayar da shi kwali. Shekararsa uku a saman wadrob.

Yau da asuba gas ya ƙare min ina cikin dafa ruwan shayi, ga yara za su makaranta, ga wuta an kawo. Sai na tuna da shi. Na sauko da shi na kakkaɓe, na jona. Akwai ragowar naman kanti da maigida ya kawo daga Kaduna, irin jan naman sa da ake yankawa siriri kamar takarda a rufe a leda. Na shafa bota a bayan yankan burodi biyu, na jera naman fallaye uku a tsakiya da ciz, wato cukun kanti, falle ɗaya, na rufe murfin. Ko minti biyar ba a yi ba ƙamshi ya cika gidan. Da na buɗe, burodin ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, da zanen gidajen nan a jikinsa, cikin kuma da laushi da zafi. Yaran da kullum sai na bi su da kofi da burodi har bakin ƙofa, yau su suka ce a ƙara.

Tambayata uku ce. Shin hakan ba zai lalata injin ba, tunda ba don burodi aka yi shi ba? Yaya zan hana ciz ɗin zubowa, don na sha wahalar goge shi? Sannan in naman kantin ya ƙare, me zan sa a madadinsa?

Amaryar Hanwa:
Wa alaikumus salam Anti. Wallahi kin fama min inda yake min ciwo, nawa injin ya mutu tun kafin in more shi. Zan ba da labarin, bari masu sani su fara amsa miki.

Mai Gyaran Lantarki, Sabon Gari:
Hajiya, ki kwantar da hankalinki, burodi ba ya lalata injin waful. Ni da nake buɗe cikinsu nake gaya miki. Abin da ke ciki ƙarfe ne mai ɗaukar zafi guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai wani ɗan abu mai yanke wuta in zafi ya kai inda ake so, ya sake jonawa in ya sauka. Shi ne kike jin yana yin ƙas, fitilar tana mutuwa tana kamawa. Da shi da tostar burodi mai murfi duk tsarinsu ɗaya, zanen farantin ne kawai ya bambanta.

Abin da ke kashe shi uku ne a iya abin da ake kawo min shago. Na farko danna murfi da ƙarfi. An ƙera mahaɗin murfin ne don kwaɓi mai ruwa, wanda ba ya turjiya. In kika cusa burodi mai kauri kika hau dannawa don maƙallin gaba ya kama, mahaɗin baya ne zai tsage, kuma wayoyin farantin sama ta nan suke bi. Kada ki kulle maƙallin ma sam. Ki ɗora murfin, ki riƙe hannun da tsumma, burodin yana laushi yana sauka da kansa. Na biyu wanke shi a ruwa. Na uku ekstenshan mai siririyar waya. Yawancinsu suna jan wat 700 zuwa 1200, ki duba ƙarƙashinsa an rubuta. Ki jona shi kai tsaye a soket na bango.

Ɗalibar Samaru:
Oga, to janareta fa? Namu ƙaramin nan ne.

Mai Gyaran Lantarki, Sabon Gari:
In wanda aka rubuta 950 a jikinsa ne, ki bar shi. Abin da yake bayarwa na gaskiya bai kai abin da aka rubuta ba, kina jonawa za ki ji kukansa ya canza, ko ya mutu. Inbata ma sai mai ƙarfi, kuma yana shanye batir da sauri. Amma a wutar gari ba shi da tsada yadda mutane suke tsoro. Inji mai wat 1000 in ya yi minti goma sha biyar yana aiki, kwatan yunit ɗaya ya ci a mita, ba ya wuce haka.

Hajiya, Ƙofar Doka:
Ni dai ina karanta ku ina jinjina kai. 'Yata, ban ƙi ki gwada abinki ba, amma ki ji maganar uwa. Burodi da naman leda ba abincin da za a tura yaro makaranta da shi kullum ba ne. Mu da muka tashe ku, koko da ƙosai ne, ko ɗumamen tuwo, ko waina da miyar taushe, yaro ya ci ya wuni garas. Wannan da an danne shi ya koma kamar faifai, ƙarfe goma yunwa ta kama yaro. Kuma naman da ban ga inda aka yanka shi ba, ban san ranar da aka yanka ba, ni raina ba ya kwanciya da shi. Mahaucina na san shi shekara ashirin, na san rumfarsa, in naman jiya ne zai gaya min.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Gaskiyarki Mama, na karɓa. Ba wai zan daina dama musu koko ba. Rana ce irin ta yau da komai ya cakuɗe, ƙarfe bakwai saura kwata mai adaidaita yana ƙofar gida. Maganar naman kuwa ni ma tana damuna, shi ya sa na tambaya.

Baban Yara, Gyallesu:
Hajiya ta taɓo abin da ya fi komai muhimmanci, ina roƙon a tsaya a kansa kafin a wuce zancen bota da ciz. Wannan nau'in naman asalinsa na Turawa ne, kuma mafi yawan ire-irensa a can da naman alade ake yi. In kin ga an rubuta ham ko bacon ko pork ko lard, alade ne kai tsaye. Salami da mortadella ma asalinsu da alade ake yin su, sai in an fito fili an ce na sa ne zalla ko na kaza. Kada a tsaya ga babban rubutun gaban leda, a juya baya a karanta jerin abin da aka haɗa, don wani sai a ce na kaza ne alhali an sa kitsen wata dabba ko fatar hanjin da aka ɗura shi ciki ta wata dabba ce. A duba tambarin halal, a duba lambar NAFDAC, a duba ranar da zai lalace.

Akwai kuma wanda ba a rufe yake zuwa ba, a kanti ake yanka miki da inji. Na taɓa tsayawa a wani babban kanti, ba a garin nan ba, na ga yaron ya gama yanka wa wani mutum ham, bai goge injin ba ya ɗora na sa zai yanka min. Na ce ya bari na gode. Tun ranar ban ƙara sayen wanda ake yankawa a gabana ba sai na tambaya ko injin daban ne.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Baban Yara. Na tashi na ɗauko ledar yanzu, naman sa ne, akwai tambarin halal da lambar hukumar. Amma ban taɓa sanin ana juya baya a karanta ba, daga yau na koya.

Anti Nas, Shika:
Bari in ƙara ta ɓangaren lafiya, don halaccinsa daban, lafiyarsa daban. Irin wannan naman an riga an dafa shi ko an tsuma shi da gishiri da sinadarin hana lalacewa, shi ya sa ake cinsa ba tare da an sake dafawa ba. To amma duk amincinsa ya rataya ne a kan sanyi, tun daga masana'anta har motar da ta ɗauko shi, har firjin kanti, har naki na gida. Ku faɗa min, a Zariya firjin wa yake kwana ya wuni da sanyi ba yankewa? An ɗauke wuta tun azahar, ba a kawo ba sai tsakar dare, naman ya saki ya sake kamawa, ke ba ki sani ba don kamanninsa bai canza ba.

Akwai wata ƙwayar cuta, listeriya. Bambancinta da sauran shi ne tana iya hayayyafa ko a cikin firji. Ga mai ƙarfi a jika ƙila zazzaɓi ne da gudawa, amma ga mai juna biyu tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, ga tsofaffi da marasa ƙarfin garkuwa kuma tana kisa. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta kama sama da mutum 1,000, fiye da 200 suka rasu, kuma da aka bi sawu irin wannan naman na leda aka tarar. Maganinta zafi. In tsakiyar naman ya kai digiri 74, wato har kin ga tururi yana fita daga cikinsa in kin raba, ta mutu.

A nan nake so ku lura sosai. Injin waful bayan burodi yake gasawa da sauri. Kina iya ganin waje ya yi ja alhali tsakiya ɗumi kawai ya yi, musamman in daga firji kika ɗauko naman kika jibga da yawa. Don haka ko dai ki fara ɗora fallayen naman su kaɗai a injin na minti ɗaya su yi zafi, sannan ki haɗa da burodin, ko ki sa kaɗan ki bar shi ya jima. In an buɗe leda, kwana uku zuwa biyar ne iyaka, shi ma in firjin bai yi fashi ba. Kin ga ya yi yauƙi ko tsami, zubar, kada ki ce zafi zai gyara.

Ɗalibar Samaru:
Anti, gaskiya ne wai naman ledar nan yana sa ciwon daji, wato kansa? Na ga ana ta yaɗawa a WhatsApp.

Anti Nas, Shika:
Akwai tushe, ƙanwata, amma ana ƙara masa gishiri. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su sosej da wannan na leda, cikin abubuwan da aka tabbatar suna da alaƙa da kansar hanji. Lissafinsu shi ne mai cin giram 50 kullum haɗarinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 18 cikin ɗari a kan wanda ba ya ci. Kalmar da za ki riƙe ita ce kullum. Wanda ya ci sau ɗaya a mako biyu ba shi ake nufi ba. Ni abin da ya fi damuna a nan gida ma gishirinsa ne, ga masu hawan jini da muke gani ba adadi. Shi ya sa nake bayan Hajiya, kada ya zama abincin kowace safiya.

Mai Shayi, Kwangila:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni sana'ata ke nan, shekarata goma sha ɗaya a kan tebur. Abin da kuke kira sanwici mu kullum muna yinsa ba inji. In direba ya ce a gasa masa, sai in tsaga burodin, in zuba ƙwan da na soya da albasa da attaruhu, in mayar kan kaskon da ɗan mai, in danne da bayan faranti, in juya. Minti biyu. Don haka wanda ba shi da injin kada ya ji an bar shi a baya, kasko da murfin tukunya sun ishe shi.

Amma ga abin da na sani game da burodi, zai yi wa Maman 'Yan Biyu amfani. Sabon burodi mai zafi ba ya gasuwa da kyau, ana danna shi sai ya cure ya zama kamar danƙo. Wanda ya kwana ya fi. Kuma burodinmu na nan sukari ya yi masa yawa, shi ya sa yake saurin ƙonewa, sai a tsaya a kansa. In wanda ba a yanka ba ne, ki yanka kaurin yatsa, kada ya wuce haka.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Lallai kam, na biyun da na yi gefensa ya so ya yi baƙi. To maganar zubowar ciz fa?

Amaryar Hanwa:
Wannan na san shi Anti, tun a gidanmu da tosta. Kada ki shimfiɗa shi har baki. Ki bar faɗin yatsa ɗaya ko'ina a gefe, ki raba fallen biyu, rabi a ƙasan naman rabi a sama, don shi ne yake manne burodin da naman kada su rabu. In har yanzu kina tsoro, ki naɗe shi a takardar gashin kek kafin ki sa, zanen zai fito, injin kuma ba zai ɓaci ba. Tumatir da kabeji da kokwamba kada su shiga injin, ruwa suke saki burodin ya jiƙe. Bayan kin cire sai ki ɗaga ki sa su. In kin cire kuma kada ki kife a faranti nan take, ki jingina shi ko ki ɗora a raga na minti ɗaya tururin ya fita.

Labarin nawa injin kuwa, yayata ce ta aiko min da shi daga Amurka, sabo fil a kwalinsa. Na ga bakin wayar ƙafa biyu ne masu faɗi, ba ya shiga soket ɗinmu, sai na aika aka sayo min adafta. Ina jonawa ya yi zafi nan da nan, na ji daɗi, sai wari ya tashi, hayaƙi ya biyo baya. Ko burodi ɗaya bai gasa min ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don na san da kuɗin guminta ta saya, kuma na kasa gaya mata sai bayan wata biyu.

Mai Gyaran Lantarki, Sabon Gari:
Ayya, sannu Amarya. Ba ke kaɗai ba ce, wannan ya ci kayan mutane da yawa. Wutar Amurka bolt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Adafta bakin waya kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Sai an haɗa da taransfoma mai saukar da wuta, kuma wadda ta fi ƙarfin injin, ba 'yar ƙaramar da ake sa wa rediyo ba. Masu sayen na hannu a kasuwa, irin kayan da muke ce wa Beljiyam, ku juya ƙarƙashi ku karanta kafin ku biya. In kun ga 220 zuwa 240, namu ne. Ki kawo naki in duba, wani lokacin ɗan fis ɗin zafi ne kawai ya tsinke ya ceci sauran.

Malamin Firamare, Wusasa:
Tunda an ambaci Beljiyam, ai can ne ƙasar da ta fi shahara da waful ɗin kansa. Mai zurfin gidaje ma da sunanta ake kiransa, kuma ya yi suna a Amurka ne bayan baje kolin duniya na New York a 1964. Tun kafin lantarki Turawa suna yin abinsu da faranti biyu na ƙarfe masu dogon hannu, a ɗora a kan garwashi a riƙa juyawa. A 1869 wani Ba'amurke, Cornelius Swartwout, ya yi rajistar irin wanda ake ɗorawa a murhu. Kuma Maman 'Yan Biyu ba ita ta fara sa shi aikin da ba nasa ba. Bill Bowerman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Nike, a injin waful na matarsa ya zuba roba a farkon shekarun 1970 yana neman zanen ƙasan takalmin gudu da zai kama ƙasa. Injin ya lalace, amma takalmin ya fito.

Na kawo wannan ne don Hajiya. Ƙarfe mai gurabu da ake zuba kwaɓi a ɗora a wuta, Hajiya, ai tanda ke nan. Ni ina ganinsa na ce wannan ɗan'uwan tandar waina ne da aka yi wa murfi.

Hajiya, Ƙofar Doka:
Malam, ka yi magana. Shekara goma sha takwas na yi ina tuyar waina a zauren gidanmu, da ita na aurar da 'ya'ya uku. Tandar ƙasa kafin ta yi daɗin aiki sai ta sha mai ta horu, sabuwa kama ƙullu take yi. In kin ga waina tana kamawa, ko tandar ba ta yi zafi ba, ko kin yi gaggawar juyawa. Ina jin naku ma haka ne.

Mai Shayi, Kwangila:
Haka yake Hajiya, babu bambanci. Kasko mai sanyi shi ke shan mai ya kama abu.

Amaryar Hanwa:
Ƙwarai Mama. A bar shi ya yi zafi sosai har fitilar ta nuna, kamar minti huɗu ko biyar, kafin a sa komai. Kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙe. In tururin da ke fita ta gefe ya ragu, ya yi.

Ɗalibar Samaru:
Ni ban yarda da bota ba fa. Tana saurin ƙonewa. Mayonis nake shafawa a baya siriri, ya fi yin ja daidai ko'ina.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Mayonis a waje? Ba zai yi ƙarni ba?

Ɗalibar Samaru:
Ba ya yi Anti, ai mai ne da ƙwai, yana jin zafi yake soyuwa. A hostel da tostar ƙawata muke yi, da kifin gwangwani da albasa, a tsane man kifin tukuna.

Hajiya, Ƙofar Doka:
Ku da kuke Zariya, Fulani suna shigo muku da man shanu har ƙofar gida, kuna ta musu a kan bota da mayonis. A soya man shanu da albasa har ruwansa ya ƙone, a tace, a ajiye a kwalba. Wannan ba ya saurin ƙonewa, ba ya neman firji, ƙamshinsa kuwa babu na kanti da zai kama ƙafarsa. Ɗan kaɗan za a shafa da bayan cokali.

Baban Yara, Gyallesu:
Mu dawo tambaya ta uku, don ita ce mafitar duk abin da ni da Anti Nas muka faɗa. Me ya kai mu naman leda tun farko? Su Turawa suna amfani da shi ne don su sami dafaffen nama da za a sa a burodi ba tare da an hura wuta ba. Mu ai muna da namu tun kaka da kakanni. Balangu dafaffe ne. Tsire dafaffe ne. Dambun nama ma ya fi nasu jure ajiya, ba ruwansa da ɗauke wuta. In na sayo balangu da daddare ya ragu, maman yara takan sa a firji, da safe ta daddatsa ƙanana, ta cire kitse da jijiya da ɗan ƙashin da kan maƙale, ta ɗan juya shi a kasko da albasa, ta zuba a burodi. Mu a kasko muke dannewa kamar yadda Mai Shayi ya ce, amma na tabbata a injin zai fi kyau.

Anti Nas, Shika:
Na goyi baya, da sharaɗi biyu. Ragowar ya shiga firji da wuri, kada ya kwana a takarda a kan tebur, kuma a zafafa shi sosai da safe. Sannan kada wata ta ji an ce nama ta sa ɗanye. Injin nan ba zai dafa ɗanyen nama ko ɗanyar kaza a cikin burodi ba, burodin zai ƙone naman yana nan da jininsa. Ga masu sa wa yara a kwandon makaranta kuma, abinci mai nama bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in lokacin zafin Maris da Afrilu ne ma awa ɗaya. Gara su ci a gida da zafinsa, a sa musu wani abu daban na tara.

Amaryar Hanwa:
Kilishi fa?

Mai Shayi, Kwangila:
Kilishi ya bushe da yawa, zafi zai ƙara masa tauri, yaro zai ja ya fito gaba ɗaya. Sai dai a daka shi a haɗa da soyayyen ƙwai. Dambu ma yana son abin da zai riƙe shi, ƙwai ko ɗan mayonis, in ba haka ba zubewa zai yi. Yaji kuma a ciki ake barbaɗawa, in ya taɓa ƙarfen ƙonewa yake ya yi ɗaci saboda ƙuli-ƙulin da ke cikinsa.

Ɗalibar Samaru:
Ciz ɗin ma tsada gare shi yanzu. Za a iya sa cukun Fulani?

Malamin Firamare, Wusasa:
Za a iya, sai dai ba zai narke ya yi zare kamar na kanti ba. Da ruwan tumfafiya ake ɗaure madararsa, shi ya sa ake iya soya shi ya tsaya da siffarsa kamar awara. Daɗi zai ba ki da ƙoshi, amma ba zai manne burodin ba. Ki yanka siriri ki fara soyawa.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Barkanmu da safiya 'yan gida, na dawo da rahoto. Jiya da daddare na sa maigida ya biya ta wajen mai balangu. Na ajiye rabi a firji tun da ɗuminsa. Yau na daddatsa shi kamar yadda Baban Yara ya faɗa, na juya da albasa a kasko tunda an sayo gas, na yi amfani da burodin jiya. Man shanun da maƙwabciyata ta ɗan sam min na shafa a baya. Ciz rabi ƙasa rabi sama, na bar gefe. Ban kulle murfin ba, na riƙe da tsumma ina jin yana sauka a hankali. Minti huɗu na cire da cokalin katako.

Ko ɗigo bai zuba ba. Da na raba shi biyu tururi ya taso, man balangun ya shiga cikin burodin, gidajen nan kuma sun riƙe ɗan yajin da na barbaɗa a sama bayan na sauke. Maigida da jiya ya ce shi ba ya cin abincin yara, yau biyu ya ci a tsaye. Na kantin kusa da wannan lami ne, gishiri kawai. Ragowar ledar ma yau kwananta shida da buɗewa, kuma shekaranjiya mun wuni ba wuta, na zubar. Koko na nan a filas, Mama, da shi suka kora.

Wajen gogewa na zare wayar, na jiƙa tsumma na matse na shimfiɗa a ciki da sauran ɗuminsa na rufe, bayan minti biyar komai ya saki.

Mai Gyaran Lantarki, Sabon Gari:
Madalla. Abin da ya maƙale a lungu ki bi shi da tsohon buroshin haƙori. Cokali mai yatsu da wuƙa da soson ƙarfe kada su kusance shi, in baƙin shafen nan ya kankare komai kamawa zai riƙa yi.

Hajiya, Ƙofar Doka:
To alhamdu lillahi, yanzu na ji magana. 'Yata, tun da Malam ya ce ɗan'uwan tanda ne abin yake min yawo a kai. Ƙullun waina in ya tashi da kyau, aka ɗan rage masa ruwa, aka shafa mai sama da ƙasa, me zai hana ya gasu a ciki? Ba juyawa, ba hayaƙi, ga ni idona ba ya son hayaƙin itace yanzu. In kina da sarari ranar Asabar ki shigo cikin gari da injin, zan jiƙa shinkafa tun daren Alhamis, miyar taushe kuma a kaina.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
In Allah ya yarda Mama, da hantsi za ki gan ni. Allah dai ya sa a bar mana wuta.

Amaryar Hanwa:
Ku jira ni don Allah. Zan fara biyawa Sabon Gari in ajiye nawa a duba, sai in wuce Ƙofar Doka.